Tutar da Ke Cikin Matashin Inna A'i

Duk wanda ya taɓa cin kantun riɗi a tashar Sule Tankarkar, da wuya in ba daga hannun Inna A'i ya fito ba. Tun tana amarya take suyar riɗi, ga shi yau kanta ya yi fari fat. Ran Alhamis takan hau mota zuwa kasuwar Maigatari da farantinta, ta sayar wa 'yan Nijar, ta dawo kafin magariba. Ba ta da faɗa, ba ta da kwaɗayi. Abu ɗaya ake faɗa a kanta: ba ta yarda da kowa. Ko gishiri ta saya, sai ta ɗanɗana a gaban mai shi.

Ɗanta namiji ɗaya ne, Habibullah. Da yake shi ne na fari, ba ta taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, da ya sa kaki kuma ya koma "Soja". A bakin daga ya rasu, can gabas. Gawarsa ba ta gani ba. Abin da aka kawo mata shi ne tutar da aka lulluɓe akwatinsa da ita, kore da fari, a ninke tsaf. Ta sa ta a ƙasan adaka, takan ciro ta ran Juma'a ta shafa ta mayar.

Wata hantsi tana suya, rediyo na kan turmi, sai ta ji ana muhawarar ko a canja tutar ƙasa. Wani ya bugo waya ya ce tutar ta tsufa. Wani ya ce a ƙara mata ja da tauraro. Inna A'i ta sauke kasko, ta leƙa ta katanga gidan maƙwabciyarta Magdalena, tela 'yar Filato, wadda mijinta ke aikin asibiti.

"Maman Purity! Tsai da keken nan ki ji."

"Na ji, Inna. Surutun masu katin waya ne kawai."

"Canjin kuɗi ma da surutu ya fara. Me aka ce mana? A kai tsofaffi, a karɓi sababbi. To in sun yi sabuwar tuta, ta dā ina za a kai ta?"

"Haba Inna! Wa ya san ma kina da ita?"

"Waɗanda suka kawo ta mana. Har hoto suka ɗauke ni ina karɓa. Kin zaci don kyauna ne?"

Magdalena ta yi dariya har da riƙe ciki. Inna A'i ba ta yi ba.

Ba a jima ba, ƙarshen Satumba, aka yi sallama a zaure. Malam Yazid ne, hedimastan firamaren unguwa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi wa mamacin addu'a, sannan ya kawo maganarsa. Tutar makaranta rana ta cinye ta, koren ya koma ruwan toka, ga bikin samun 'yancin kai ya matso. Aron tutar Soja yake nema, na yini ɗaya.

"Wa ya aiko ka, Malam?"

"Babu kowa, Inna. Ni na ga ya dace."

"Shekarun nan duka tutar na ɗakina, ba ka ga ya dace ba sai da rediyo ya yi magana?"

"Wane rediyo kuma?"

"Daga Dutse aka ce ku tattara, ko daga Abuja?"

"Wallahi Inna, aro ne. Da la'asar ni da kaina zan dawo da ita."

Ta daɗe tana kallon takalmansa. A ranta ta ce in ta hana wannan mai ladabin, gobe marasa ladabi za a turo.

"To. Ka dawo bayan kasuwa. Sai na wanke ta."

Ran Alhamis ta sayi yadi kore da fari a Maigatari, a rumfar wani Bazabarme da bai san ta ba. Da ta dawo ta shiga ɗakin Magdalena, ta turo ƙyaure, ta kwance zani ta fito da tutar Soja.

"Auna wannan, ki ɗinka mini irinta. Idonki kawai, ban da bakinki."

"Inna, zai gane. Sabon yadi ƙyalli yake yi."

"Ke dai ɗinka."

Da aka gama, ta jiƙa sabuwar a ruwan toka, ta shanya ta a rana bayan rumbu har ƙyallin ya mutu, ta ninke ta irin ninkin sojoji. Ta gaskiyar kuwa, matashin kanta ta farke, ta cusa ta tsakiyar auduga, ta ɗinke da hannunta.

Malam Yazid da hannu biyu ya karɓa. Ranar biki Inna A'i da Magdalena suka tsaya jikin darbejiya a bakin filin makaranta. Aka ja igiya, tuta ta hau. Hedimasta ya ɗaga murya ya ce wa yara wannan tutar ta rufe ɗan garin nan, wanda ya zauna a ajin da suke zaune.

Magdalena ta matso kunnenta. "Inna, ba ki ji komai a ranki ba?"

"Na ji. Ki bari mu ga la'asar."

La'asar ta yi, Malam Yazid ya zo hannu wofi, yana murza tafukansa. Malamai sun roƙa a bar ta zuwa ƙarshen zango, yara sun ji daɗi ƙwarai. Inna A'i ta ce ba komai, Allah Ya ba da lada. Zango ya ƙare, aka yi hutu, aka dawo. Har yau tutar na kan sandar, in ka tsaya ƙofar gidanta kana hango ta tana kaɗawa.

"Yini ɗaya ya ce, ko?" Haka takan ce wa Magdalena, ta nuna da ludayin suya. "Da ta Soja na ba shi fa?"

"Mantuwa ce, Inna. Kuma maganar canjin ma ta mutu, ba a ƙara yi ba."

"Kwantawa ta yi."

Matashin ya yi tauri tun da aka cusa masa tuta. Inna A'i ta fara kukan ciwon wuya, in za ta waiwaya sai ta juyo da jikinta duka. Rannan Magdalena ta shigo da sabon matashi mai laushi, ta yi masa riga da ragowar atamfa.

"Ga wannan, Inna, wuyanki ya huta. Kawo tsohon in ajiye miki a wurina."

Inna A'i ta dubi matashin, ta dubi Magdalena. Ta jawo tsohon ta ɗora a cinya, ta danne shi da gwiwar hannu.

"Maman Purity," ta ce a hankali, "ke kuma wa ya aiko ki?"