Tsagar Gindin Kibiya

Shekara arba'in Baba Mai-Tsaga yana sana'a ɗaya, kuma duk faɗin wurin aikinsa bai kai farce ba. A gindin kowace kibiya akwai 'yar tsagar da tsarkiyar baka ke zama a ciki. In ta dare, shi ake kawo wa. Sai ya yanke wurin, ya dasa guntun itace mai tauri da gam, ya fitar da sabuwar tsaga da ƙaramin zarto, ya naɗe da zare. Dokarsa ɗaya ce, har maƙwabta sun haddace ta ba da sonsu ba: tsaga gicciye take yi wa jijiyar itace. In ta bi jijiya, harbi uku ta rabe biyu.

Mutum ne mai ji da kansa, Allah ya sani. Yanzu kuwa kowa ya koma gindin roba, saura Dogo mai koyar da harbi kaɗai ke kawo masa aiki. To, Dogon ne ya shigo wata safiya ya zube kibau bakwai a kan teburi, duk a rabe.

"Baba, ɗaya a hannun ɗalibata ta fashe, tsarkiya ta zane mata damtse. In aka sake, wallahi roba zan koma."

Baba ya ɗaga wannan, ya ajiye, ya ɗaga waccan. Zarensa ne, ƙullinsa ne, ba musu. Ya ce gam ne, ya sayo sabo. Ya ce itacen ne ɗanye, ya shinshina, ya ji shi a bushe ƙarau. Ya zargi tsarkiyar Dogo, ya zargi damina. Ya gyara biyu a tsanake, yana bismilla, ya gwada a bayan gida, duka biyun suka rabe. Kansa ya ɗaure tamau, har ya fara tunanin ko wani ne ya sa masa hannu, ya rasa wanda zai ɓata lokacinsa a kan tsoho mai gyaran kibiya. Tsoro ya kama shi sosai, ga ba wanda zai gaya wa, don matarsa ta yi mako uku a gidan 'yarsu da ta haihu.

Ranar da ta dawo, ko mayafi bai bari ta cire ba ya hau ba ta labari. Ta saurara, sannan ta ce, "Malam, wa ya ɗaura maka su a matsi?"

"Wa kuwa? Ni mana."

Kullum in ta share ɗakin aikin da safe takan jera masa kibau a matsi, abin da ke riƙe su in zai yanka, ta daidaita kowace kafin ya shigo, shi kuma ya ɗauka son tsabta ne irin nata. Yanzu ta ɗauki ɗaya, ta shafa wa gindin yawu, ta miƙa masa.

"Ina jijiyar ta bi?"

Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta. Ya nuna da farce. Ta kama hannunsa a hankali ta juya kibiyar kaɗan.

"Nan ta bi."

Ya daɗe yana kallon wurin, ba ya ganin komai sai fari.

"Tun yaushe?"

"Shekara uku ke nan."

"Ba ki faɗa ba?"

"Kai ake gaya wa?"

Baba ya zauna a kan benci. Kunya da haushi suka cika masa ciki, ya rasa da wa zai yi faɗa. Can ya ce, murya ƙasa ƙasa, "To ni me nake yi a ɗakin nan?"

Ta ɗaure kibiyar a matsi, ta ɗauko zarton, ta riƙe shi a gabansa don ya gani. Bakin zarton sai kaɗawa yake.

"Ni ina gani, amma hannuna rawa yake," ta ce. "Tashi ka yanka."