Gaisuwar Mutuwar da Ba a Yi Ba

Shekarar da na fara koyarwa a wata firamare cikin birnin Zariya, ban yarda akwai wanda ya kai ni ilimi ba daga Ƙofar Kibo har Gyallesu. Na fito daga kwalejin horon malamai da suma kamar kwando, da wando mai faɗin ƙafa wanda ke share mini hanya duk inda na bi. Aji shida aka ba ni, aka haɗa ni da wani ɗan littafin Turanci, labarin yaron da mahaifiyarsa ta rasu, yana faɗin yadda gidansu ya koma a bayanta. Kwafi ɗaya ne tak, kuma a hannuna yake.

A layin baya akwai wata yarinya da mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwa a hutun da ya wuce. Tun da ta dawo ba wanda ya ji muryarta a aji. Hedimasta ya gaya mini cewa ubanta, wani mai sayar da hatsi, ya ce in dai zaman kurame za ta riƙa yi, gara ta zauna gida ta taya kakarta rainon jaririn. Ƙarshen zango zai cire ta. Na bugi ƙirji na ce, "Ranka ya daɗe, bar ni da ita, an koya mana irin wannan a kwaleji." Wallahi ba a koya mana ba.

Dabarata ita ce littafin nan. Na fara karantawa da Turanci ina murɗa harshe, yara suka zuba mini ido kamar ina kiran sunayen magunguna. Sai na kife littafin a kan tebur na koma Hausa. To, yaron littafin da bakinsa yake ba da labari, ni ma sai na ɗauka daga nan: "Mahaifiyata ta rasu da safe. Na shiga ɗakinta na tarar da kallabinta a kan gado, har yanzu yana ƙanshinta." Na sa rawar murya, na ciro hankici na goge ido. Ajin gaba ɗaya ya ɗauki salati, aka ce, "Allah ya jiƙanta, Malam." Ni kuwa daɗi ya kama ni, na ce yau na koyar. Na dai faɗa musu tun farko cewa yaron littafi ne ke magana, amma da Turanci na faɗa.

Bayan la'asar na dawo gidan da nake haya a Ƙofar Kibo, na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, iyayen ɗalibaina zaune. Maigidan, wani dattijo mai aikin zare a wuyan riga, ya tare ni ya kama hannuna.

"Haba ɗan nan! Ka yi rashi irin wannan ka zura wando ka tafi aiki? Mu ba mutane ba ne?"

Kafin in buɗe baki an zaunar da ni, liman ya ɗaga hannu. Aka yi wa uwata addu'a mai tsawo, ita kuwa a lokacin tana can ƙauyenmu, na tabbata faɗa take yi da awaki. Na ce bari a shafa fatiha in yi bayani. Ana shafawa wasu suka iso: "Malam, ya haƙuri?" Na ji bakina ya ce, "Da godiya." Daga cikin gidaje kwanuka suka fara fitowa, tuwon dawa da miyar kuka har da man shanu. Gwauro ne ni, rabona da irin wannan tuwo tun barina gida. Na ci.

Ina cikin suɗe hannu aka ce wata tsohuwa na sallama da ni a zaure. Kakar yarinyar nan ce, ga yarinyar a bayanta.

"Ita ta matsa sai mun zo," in ji tsohuwar. "Tun da uwarta ta rasu ba ta roƙe ni komai ba sai yau."

Yarinyar ta durƙusa, kanta a ƙasa. "Malam, ya haƙuri?" Ranar na fara jin muryarta. Sannan ta ce, "Malam, kallabin nan, kada ka bari a wanke. Na Innata an wanke, yanzu ba ya ƙanshinta."

Kunya ta rufe ni, tausayi kuma ya fi kunyar. Na durƙusa ni ma na ce, "Iya, ku yafe ni. Mahaifiyata tana nan da ranta. Labarin littafi ne."

Tsohuwar ta tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Uwar taka na raye ka tsaya gaban yara kana kashe ta da baki? Wannan shi ne bokon?" Ta ja jikarta suka fita, yarinyar ba ta ko waiwayo ba. A waje maigida ya yi dariya har hularsa ta faɗi, liman ya ce addu'a dai ba ta ɓaci, a ajiye mata. Kafin magariba yaran unguwa sun raɗa mini Malam Maraya, sunan da ya bi ni har na bar Zariya. Ban damu da sunan ba. Abin da ya dame ni shi ne yarinya ta buɗe baki sau ɗaya, kuma a kan ƙarya.

Washegari na shiga aji. Yarinyar tana nan a layin baya. Na ɗaga littafin sama na yi ta nanatawa da Hausa tsantsa cewa yaron ciki ne ke magana, ba ni ba. Yara na ta ƙunshe dariya. Na buɗe shafin jiya zan ci gaba, sai na ga hannu a sama daga can baya.

"Malam, kawo in karanta. Kai taka tana nan."

Na kai mata har wurin zamanta. Ta miƙe ta karanta Turancin tana tuntuɓe, ni da ba na barin kuskure ya wuce ban gyara mata ko harafi ɗaya ba. Hedimasta da ke wucewa ya tsaya a taga. Shi ne daga baya ya je ya sami ubanta, aka bar ta ta gama makaranta. Da ta kai ƙarshen shafin sai ta mayar da shi Hausa yadda na yi jiya, ba rawar murya, ba hankici: "Mahaifiyata ta rasu da safe."

Yaran ajin suka ce, "Allah ya jiƙanta."

Ta ce, "Amin," ta juya shafi.