Uwar Taswira da Jan Layin da Ta Ƙi Gogewa

Da hantsin Talata, sha huɗu ga Maris, maigidanki ya kira ni a ofis ya ce kin cika. Na yi salati, na dubi kujerarki da ke kusa da tawa, sai na ji baƙin ciki ya zo tare da fushi.

Yaya, Uwar Taswira muke ce miki. Idan gobarar daji ta lafa, ke ce mai buɗe hotunan tauraron ɗan'adam, ki jera na kafin wuta da na bayanta, ki zagaye duk inda ya ƙone da jan layi. Ba na manta tsohon makiyayin nan da ya shigo ofis bayan wata gobara. Kika zaunar da shi, kika yi ta faɗaɗa hoton har ya gane garkensa. Kika ce, "Baba, ashe daga sama ma ana ganin shingenka a karkace yake." Ya yi dariya har da hawaye, mutumin da ya rasa komai.

Gobarar bara ce ta jawo miki. Hotuna suka nuna ƙarara daga filin kamfanin katako wutar ta tashi, ta cinye ƙauyuka. Shugaban sashenmu ya tsaya a kanki ya ce ki matsar da layin don a fitar da filin kamfanin daga ciki.

Kika ce, "Ranka ya daɗe, ba ni na kunna ba, ba kuma ni zan ɓoye ba."

Sai ya ce hoto ba hujja ba ne, ki je ki auno da ƙafarki. Yana sane kina da asma. Aka tura ki cikin toka da kututturan da ke ci da wuta har lokacin, ko takunkumi ba a ba ki ba. Kika dawo da tarin da bai sake ki ba. Kika nemi hutu, ya ce aiki ya yi yawa.

Jiya shi ne a sahun gaba wajen gaisuwa, yana cewa an yi rashin jaruma. Wallahi na kasa gaishe shi. Taswirar dai ta fita yadda kika zana ta, da ita mutanen ƙauyukan suka shiga kotu.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sanyaya makwancinki, Ya bi miki hakkinki. Ya ba mahaifiyarki Inna, maigidanki da 'ya'yanki juriyar da ni ban samu ba tukuna.