Audugar da Ke Kan Hularsa

Na daɗe ina faɗa da auduga a gidana. Maigidana ma'aikaci ne a wani kamfanin gurzar auduga a Funtua, kullum da yamma yakan dawo fari fat kamar an barbaɗa masa gari, a hula, a gemu, har cikin kunne. Nakan tare shi a zaure da tsintsiya in ce, "Malam, dakata nan, kada ka shigar mini da kamfani ɗaki." Sai ya buɗe hannuwa yana dariya, ina karkaɗe shi ina mita.

Akwai wata al'ada a kamfanin tun kafin a ɗauke shi aiki. Idan an tashi aka yi shara, anguryar da ta zube ta gauraya da ƙasa ma'aikata ne ke kwashewa su kai wa dabbobinsu. Ba a ɓoye ake yi ba, a gaban maigadi ake ɗaura ta bayan keke a fita. Tumakina ma da ita suka yi ƙiba.

Sai aka kawo sabon manaja. Bai hana ba, bai yi gargaɗi ba. Wata yamma ya tsaya a bakin ƙofa, wanda ya fara cin karo da shi ɗauke da ƙullin sharar nan shi ne maigidana. A gaban jama'a ya kira shi ɓarawo, ya ce kada ya sake taka ƙafarsa wurin. Ba a zaunar da shi ba, ba a ji ta bakinsa ba.

Rashin albashi ya gasa mana aya a hannu, amma ba shi ne ya karya shi ba. A da, manoman ƙauyukan da ke kan hanyar Malumfashi a zaurenmu suke barin buhunansu ranar kasuwa, ba mai ƙirgawa. Bayan korar sai zauren ya riƙa zama fayau. Ba wanda ya faɗa masa magana, kowa dai ya sami wani wurin ajiya. Wani tsohon Bamaguje ne kaɗai bai fasa ba, yakan jibge dawarsa ya ce, "Ga ta nan, Malam," ya yi gaba abinsa. Maigidana ya daina zaman majalisa a gindin darbejiyar unguwa. Daga masallaci sai ɗaki, tsaf da shi, ba ko ɗigon auduga. Tsabtar da na yi shekaru ina nema ta samu, ni kuwa ba na son ganinta.

Ƙungiyar ƙwadago ta kai maganar kotun ma'aikata. Aka shiga je ka dawo, yau an ɗage, gobe lauya bai zo ba. Ana cikin haka kamfani ya aiko cewa ya zo ya karɓi haƙƙinsa na sallama a rufe zancen. Ni dai na ce ya karɓa.

"Maman yara," ya ce, "in na karɓa, sunan da aka liƙa mini fa, wa zai cire?"

"Suna za mu zuba a tukunya?" na ce masa. Na faɗi maganganu da yawa ranar, don bakina ba ya shiru in raina ya ɓaci. Ya ɗauki butarsa ya fita, na bi bayansa da kallo, na ga yadda rigarsa ta yi masa yawa. Tausayinsa ya kama ni, ban sake tayar da zancen ba. Tumakin na sayar ɗaya bayan ɗaya muka ci.

A ƙarshe abokan aikinsa suka ba da shaida, har da maigadin, wanda ya ce shi kansa akuyarsa da sharar nan take rayuwa. Alƙali ya ce doka ba ta yarda a kori ma'aikaci da tuhumar sata ba tare da an saurare shi ba, kuma abin da aka bar kowa yana yi ba ya zama laifin mutum ɗaya rana tsaka. Ya ba da umarni a mayar da shi bakin aikinsa.

Ranar komawa ya sa kakinsa, ya ƙi hawa keken. Tura shi ya yi ta tsakiyar kasuwa, yana gaisawa da kowa.

Da yamma na ji sallamarsa. Na fito da tsintsiya yadda na saba, ga shi nan fari fat, hula da gemu. Na ɗaga hannu ke nan ya kauce.

"Bar ta tukuna, Maman yara," ya ce. "Bari in je majalisa in dawo."

Na tsaya a zaure riƙe da tsintsiyar, ina kallonsa yana tafiya gindin darbejiya da audugarsa a ka. Tun ranar da aka kore shi ban yi kuka ba sai a lokacin.