Mu Kare Ungulu, in ji Allon Mahauta

Shekara ashirin da wani abu nake sayar da nama a mahautarmu, kuma tun zuwana na tarar da Baba Mai-tsintsiya yana shara. Mutum ne siriri, wuyansa dogo, kansa babu gashi ko ɗaya. Mahauta ba su da mutunci, sai suka ce wai kamanni ne ya haɗa shi zumunci da ungulu. Ni ma na faɗa, Allah ya yafe mini.

Kullum in an gama fiɗa, sai ya wanke daɓen, ya tattara abin da ba mai saye, su guntun huhu da jijiya, ya zuba a wani tsohon baho, ya kai gindin doguwar bishiyar da ke bayan katanga. Nan ungulayen ke sauka, su yi ta tafiyar ƙasaita kamar masu duba asibiti.

"Baba, ka kai wa surukan naka abinci?"

"Na kai, ɗana. Su in sun ci suna share wuri. Kai fa?"

Ya ce a da sukan rufe rufin kwano har ba ka ganin tsatsa. Sai aka shiga sa wa mushe guba don karnuka, ungulu na ci suna mutuwa, wasu mutane kuma na farautar kawunansu. Baba bai iya karatu ba, amma yana sane da kowacce. Bara saura biyu, mace da namiji, sun yi sheƙa a babban reshen da ya ɗan leƙo titi. A wurinsa na ji cewa ƙwai ɗaya tak suke yi a shekara, su yi ta karɓa-karɓa wajen kwanci. Tun da macen ta kwanta, Baba ya hana kowa ko jingina babur a gindin bishiyar.

Ana haka sai ga wata ƙungiya, wai ta masu kare tsuntsaye. Mota fara, riguna iri ɗaya, kowa da hankici a hanci. Shugabansu ya riƙe hannun Baba da yatsu biyu, ya ce shi gwarzo ne, za a kafa allo a yi taro a karrama shi. Baba har sabuwar hula ya saya.

Aka kawo allo, ƙato, aka kafa shi daidai ƙarƙashin bishiyar. Na leƙa, na ga hoton wata tsuntsuwa mai cikar gashi da ido kamar na soja.

Na ce wa mai fentin, "Malam, ai wannan mikiya ce."

Ya ce, "To ya zan yi? Na zana ungulu sun ce ta yi muni, manyan baƙi za su zo."

A sama kuma an rubuta da manyan baƙaƙe: MU KARE UNGULU.

Ana gobe taro, Baba ya tafi aski. Askin me, ban sani ba, tunda babu abin askewa. A wannan ɗan tsakanin mai ɗaukar hoto ya zo gwaji, ya ce reshen nan yana sa wa allon inuwa, fuskar shugaba ba za ta fito ba. Ni ina ciki ina saran ƙashi, sai na ji ƙarar injin yanka katako. Kafin in zagayo da gudu, reshe yana ƙasa. Sheƙar ta watse, ƙwan ya fashe a bakin kwalbati, da ɗan tsako a ciki wanda har baki ya fito masa. Uwar na can sama tana zagaye.

Na ce, "Kun san abin da kuka sare kuwa?"

Mai hoton ya ce, "Ƙiraren nan? Ai datti ne. Yanzu dubi yadda haske ya zauna."

Baba ya dawo kansa na sheƙi. Bai yi zagi ba, ni na yi musu nasa da nawa. Ya durƙusa, ya kwashe ƙwan cikin sabuwar hular, ya haƙa rami a gindin bishiyar ya rufe.

Washegari aka yi taro. Aka yi jawabi, aka tafa, aka sha lemo, aka zubar da robobin a wurin. Da aka kira Baba karɓar takardar yabo, yana can yana wanke daɓe, ya ce a ce musu yana aiki. Robobin ma shi ya share.

Ungulayen sun yi kwana uku suna shawagi, daga nan ba a ƙara ganinsu ba. Har yau Baba na kai baho kullum. Ƙudaje ke zuwa, da wani jan kare mai ƙazuwa wanda ya mai da inuwar allon ɗakinsa. Warin wurin kuwa, ko mu mahauta sai mun tofar da yawu.

Rannan ya tsaya gaban allon, tsintsiya a hammata.

"Ɗana, karanta mini. Me suka ce?"

"Mu kare ungulu, Baba."

"Mu kare, ko mu ƙare?"

"Bambancin 'yar lanƙwasa ce a kan harafi ɗaya."

"To sun manta da ita."

Hannuna duk jinin shanu ne a lokacin. Na taka bahon, na miƙa yatsa, na sa musu lanƙwasarsu.