Gidaɗo da Igiyar Shanu

Don ƙarfinsa aka ɗauki Gidaɗo aiki a asibitin Tambuwal, shekara ɗaya bayan an ba Sakkwato jiha. Mutumin Kebbe ne, cikin shanu ya tashi, ya iya kayar da bijimi shi kaɗai. Idan aka kawo mai taɓin hankali, shi ke danne shi ya ɗaure, a yi masa allura, a sa shi mota zuwa Sakkwato. Igiyar ma daga gida ya zo da ita. Shekara uku yana wannan aiki, bai taɓa ganin aibinsa ba.

Wata Laraba aka kawo wani tsoho daga Jabo. Ya kuɓuce wa 'ya'yansa, ya tsaya tsakiyar fili da taɓarya yana kai duka. Aka kira Gidaɗo. Ya fito da igiya a kafaɗa, sai ya ga Malam Hassan ne, wanda Gidaɗo ya yi shekara shida gabansa yana karatun allo.

Malamin asibiti ya ce ya yi sauri kafin a fasa kan wani. Gidaɗo ya dubi hannun da ya koya masa riƙe alƙalami, ya san ba zai iya ɗaure shi ba. In ya ƙi kuma, wasu za su ɗaure, kuma ba a hankali ba.

Ya ajiye igiya, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa kaɗan.

"Allah gafarta Malam, na zo biya karatu."

Ya fara sura da ka. Da ya kai tsakiya, ya tsallake aya da gangan. Taɓaryar ta tsaya a sama.

"Koma baya," in ji tsohon. "Wa ya biya maka hakan ga?"

Gidaɗo ya koma, ya sake tsallakewa. Malam ya yi tsaki, ya jingine taɓarya, ya zauna ƙasa ya gyara masa. A zaune aka yi masa allura. Har Sakkwato Gidaɗo ya raka shi, hannun Malam a sake, suna tilawa.

Daga nan duk sabon ma'aikaci sai ya bi ta hannun Gidaɗo. Yakan ce su rage murya, su kori 'yan kallo, su zauna ƙasa, kuma su fara tambayar dangi sana'ar mutum kafin su taɓa shi. Ba kullum ake dacewa ba. An taɓa karya masa haƙori biyu, akwai kuma ranakun da dole aka riƙe mutum.

Malam Hassan bai warke sarai ba, kuma bai sake gane Gidaɗo ba. Ya dai riƙa gaya wa mutane akwai wani ƙato a Tambuwal mai ladabi, amma karatunsa da saura.