Malam Sabitu Bai Ɗaga Hannu Ba

Da hantsin Talata, 14 ga watan Maris, 2023, Allah Ya karɓi ran Malam Sabitu Mai Faci a ƙofar gidansa da ke Fadaman Mada, a nan Bauchi. Na Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Sarƙa ce ta tsinke yana bakin aiki, ƙugiyarta ta same shi a ka. Kafin a ɗauke shi zuwa asibiti rai ya yi halinsa.

Malam Sabitu, na daɗe ina maƙwabtaka da kai, ban taɓa ganin ka yi wa taya aikin gaggawa ba. Na tuna wani direban bas mai zuwa Ningi da ya kawo maka tayar da ta cinye har zare ya fito, ya ce a lallaɓa masa ita. Ka duba, ka zaro wuƙa ka tsarge ta a gabansa. Yana zagi kana dariya, ka mirgino masa wata daga cikin naka, ka ce, "Oga direba, ni ba na yi wa makara faci." 'Yan garuwan unguwa kuwa, kullum da safe kurarsu na layi a wurinka, ka ba su iska su wuce, ko godiya ba ka tsayawa ji.

Wannan mutumin ne yanzu ake cewa ganganci ya kashe shi.

Ga abin da ya faru. Alhaji Mansir, dillalin kayan gwanjo, ya sayo tsofaffin tayoyin manyan motocin soja, ya kawo maka. Masu tifa suna son su, amma a cikin kowace akwai zoben roba mai kauri da nauyi, wanda ake sakawa don mota ta ci gaba da tafiya ko da an harbe tayar. Sai an cire shi tayar take moruwa. Inda ake da kayan aiki, inji ne ke matse zoben ya zaro shi. Kai a gida kake yi: ka ɗaure taya a gindin darbejiya, ka zarga wa zoben sarƙa, ka kwarara ruwan sabulu, mota ta ja sannu a hankali. Dokarka ɗaya ce, duk unguwa an san ta: direba ba ya taka totur sai ka ja da baya ka ɗaga hannu.

A ranar, Obadiya, direban a-kori-kurar Alhajin, yana zaune yana jiran hannunka. Alhaji ya ƙosa, mai saye yana damun sa a waya.

"Kai Obadiya, barci kake yi? Ja mana!"

"Ranka ya daɗe, Malam bai ɗaga hannu ba."

"Hannun me? Sauko ka ba ni wuri."

Ya hau, ya fizgi motar, kana durƙushe kana zuba sabulu.

A zaman makoki sai ga Alhaji da babbar riga da buhun shinkafa. Ya zauna a tabarmar gaba, ya shafa fatiha, ya ce, "Allah Ya jiƙan Malam. Na sha gaya masa ya daina wasa da sarƙa, bai ji ba." Ina wurin, da kunnena na ji. Obadiya ya miƙe ya fita. Washegari ya ajiye mukullin motar, ya zo ya faɗa wa iyalinka abin da idonsa ya gani. Nnaemeka mai kayan mota, da shagonsa ke kallon ƙofarka, ya faɗi irin wannan magana.

Alhaji Mansir, ba wanda ya ce ka yi niyyar kisa, mun kuma yarda kwanansa ne ya ƙare. Amma kai ka sauke direba daga kujera, kai ka taka totur, kai ka zauna a tabarmar mamaci ka ɗora masa laifinka don ka san ba zai tashi ya musa ba. Ku ma dattawan da kuka sunkuyar da kai, kuke cewa a bar wa Allah, wa kuke rufa wa asiri? 'Ya'yansa za su taso a unguwar nan suna jin ana cewa ubansu sakarci ya yi ya mutu. Bai bar musu gona ba, bai bar musu shago ba, sunan nan kaɗai ya bari.

Malam Sabitu, matarka Sauda ta mayar da shinkafar. Da aka aiko a kwashe sauran tayoyin, daga bayan labule ta ba da amsa: "Ku gaya wa Alhaji ban nemi diyya ba, ban nemi kotu ba. Ya dawo ƙofar nan inda ya faɗa, a gaban mutanen da suka ji, ya ce Malam bai ɗaga hannu ba. Sannan ya kwashi kayansa."

Har yau bai zo ba.

Allah Ya jiƙan ka, Malam Sabitu, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Sauda da 'ya'yanka da 'yan'uwanka, Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Shi kuwa Alhaji, Allah Ya ba shi ƙarfin halin faɗin gaskiya tun a nan, inda masu saurare mutane ne.